Ƙunshin Ƙafar Hagu

'Ya'yana sun shimfiɗa mini tayil a tsakar gida, wai don in huta da shara. Na sa musu albarka, amma tun daga ranar nake jin gidan kamar na aro. Mutum ya shigo ya fita, babu alamar ya zo. A unguwar Gamboru ta Maiduguri inda na tashi yashi ne ko'ina, fari mai laushi, kuma da safe kafin a ɗauki tsintsiya kana iya karanta duk abin da ya wakana a gida: inda kaza ta bi da 'ya'yanta, inda ƙadangare ya ja wutsiya, inda Baba ya tsuguna ya yi alwala, inda mai ruwa ya sauke garwa ya juya. Kowa da sawunsa, kuma an san na kowa. Nawa ne kaɗai ba a bari ya daɗe a ƙasa.

An haife ni da ƙafar hagu a murɗe. Tafin ya juya ciki yana kallon ɗaya ƙafar, yatsun sun dunƙule, diddige ya ɗage sama bai san ƙasa ba. Da gefen ƙafar nake takawa, har wurin ya yi kanta mai kauri irin ta gwiwar raƙumi. Idan na wuce, sawun dama na mutum ne, na hagu kuwa rami ne kewayayye babu yatsu, kamar an dangwala taɓarya a yashi. A zamanin nan an yarda cewa mutanen ɓoye, idan suka shigo kasuwa cikin siffar mutane, da ƙafa ake gane su. Ba wanda ya taɓa faɗa mini wannan a fuska. Amma na ga mata masu tallar nono suna yin shiru idan na fito zaure, na ga wata mai ciki ta kawar da kai tana motsa baki. Yaran unguwa sun fi manya gaskiya, su kam bin sawun suke yi suna tsalle a kansa, kowa yana gudun kada ya taka.

Kakata, mahaifiyar Baba, ita ta raine ni. Daga Kano ta biyo shi lokacin da ya kafa rumfar yadi a Kasuwar Litinin, kuma har ta rasu ba ta iya Barbarci ba sai gaisuwa. Ni ce 'yar fari, saboda haka mahaifiyata, da muke kira Iya, ba ta ambaton sunana, ba ta kallona idan da mutane, ba ta nuna ta damu ko da zazzaɓi ya kwantar da ni. Kunyar ɗan fari ke nan, abin da matan yanzu ke dariya idan an ba su labari. Idan tana son a ba ni abu sai ta ajiye ta ce, "A miƙa wa 'yar Gwaggo," don Gwaggo take ce wa Kaka. Ita kuwa Kaka duk inda na bi tana bayana da guntuwar tsintsiya tana shafe sawuna, don kada wani ya ɗebi ƙasar ya kai wa boka. Har yau idan na rufe ido ina jin sautin tafiyarmu, takuna guda mai nauyi, sai jan ƙafa, sai fiit ɗin tsintsiya a baya. Mutanen ɓoyen kuwa ba ta taɓa kiransu da sunansu ba. Cewa take, "Tun kina ciki wani daga cikinsu ya kama ƙafar nan, bai sake ta ba tukuna. Ba mugunta ba ce, ƙila sha'awa kika ba shi." Tana faɗa tana shafa mini man shanu, da muryar da take faɗin farashin gero.

Na kai wajen shekara goma lokacin da wani akawu mai sayen yadi a wurin Baba ya gaya masa akwai likitan ƙashi da ya zo asibiti. Kaka ta ce ba a kai yarinya wurin masu wuƙa. Baba ya ce gani kawai za a yi. Ta ɗauki mayafi ta ce to da ita za a je ganin.

Likitan Bature ne dogo mai jan wuya, mai fassara masa kuwa wani malamin asibiti ne, mutumin kudancin Borno, Kirista, Hausarsa tana da ɗan nauyi amma tana fita tas. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne likitan ya durƙusa a ƙasa ya ɗauki ƙafar nan, wadda ko ni ba na son kallo, ya ɗora a cinyarsa. Ya danna kantar, ya bi jijiyar bayan diddige da babban yatsa, ya gwada juya tafin a hankali har ya ji inda ya ƙi. Ya sosa ƙarƙashin ƙafar da wani ɗan ƙarfe ya ga yatsun sun motsa. Ya sa aka buɗe bayana ya bi ƙashin da hannu tun daga wuya har ƙugu. Ya tambaya ko haka aka haife ni, ko zazzaɓi ne ya kwantar da ni na tashi da ita, don ya bambance ta da shan inna. Daga nan ya sa aka jiƙa mini ƙafafu da ruwa, aka ce in taka busasshen daɓe zuwa bango. Na taka. Ya tsuguna yana kallon sawun nan da Kaka ta yi shekaru tana ɓoyewa, yana nuna wa malamin da alƙalami. Kaka ta taso ta tsaya a kan sawun da ƙafafunta biyu.

Malamin ya ce, "Mama, matsa kaɗan, likita yana dubawa."

Ta ce, "Ya duba ya gama. Sai ya bushe zan ɗaga."

Ya fassara, likitan ya yi murmushi ya ƙyale ta. Amma da aka kawo hoton ƙashi aka ɗaga shi a jikin taga, babu wanda ya yi murmushi a cikinmu. Na ga ƙasusuwana farare a cikin baƙi, sun hau kan juna kamar itacen da aka zube. Ban taɓa sanin ana iya ganin abin da sai kabari ke gani ba. Kaka ta ja mayafi ta rufe fuska. Malamin ya yi mana bayani cewa da tun ina jaririya aka kawo ni, da hannu da ɗauri sun isa, amma yanzu ƙashi ya yi ƙwari a karkace. Sai an tsawaita jijiyar diddige, an sare ɗan wani abu daga ƙasusuwan, an jera su su haɗe. Ƙafar za ta fi 'yar'uwarta gajarta, ba za ta riƙa lanƙwasuwa sosai ba, amma tafin zai taka ƙasa. Yanzu nakan ga jarirai masu irin ƙafata, ana sauya musu ɗauri mako-mako, kafin su yi wayo sun miƙe, ba su ma san an yi ba. Nakan ce Allah mun gode.

Ranar aikin ba na tuna komai sai wani abu kamar rariya da aka kifa mini a hanci, da wari mai zaƙi mai hawa kai, da muryar malamin tana nisa kamar daga cikin rijiya. Na farka na tarar da ƙafar cikin filasta tun daga ƙasan gwiwa, fara fat, mai tauri, wadda mutane ke kira siminti. Yatsun kawai aka bari a waje. Na daɗe ina kallonsu. Su biyar ne, a jere, suna kallon gaba kamar na kowa.

Na yi makonni a kwance har azumi ya shigo ya kusa ƙarewa. Ana saura kwana kaɗan Sallah aka cire filastar farko, aka ƙara miƙe ƙafar, aka sa sabuwa. Baba ya roƙi a bar ni in yi Sallah a gida, aka yarda bisa sharaɗi. Ƙafar ta zauna a ɗage bisa matashi. A bar yatsun a buɗe, a riƙa dubawa. A danna farce, zai yi fari, in aka saki jini ya dawo ya yi ja. In suka yi duhu, ko suka yi sanyi, ko na daina jinsu, a kawo ni nan take ko da ana tsakiyar cin abinci ne. Baba ya maimaita wannan a tsakar gida, Iya tana bakin murhu ta ba shi baya, amma na ga hannunta ya tsaya da tuƙi har ya gama.

Ranar jajiberi gidaje suka cika da ƙamshin ka'aji, turaren wutar Barebari, da ƙarar turmi ta kowace kusurwa. Matan Maiduguri ba sa wasa da ƙunshi. Ba irin na yanzu ba da ake zanawa da leda a wanke bayan awa guda. Lalle ake kwaɓawa da kauri, a dambara, a rufe da ganye, a naɗe da tsumma, a ɗaure, a zauna. In an kwance a sake, sannan a bi shi da toka da gishirin lalle har ya koma baƙi wuluk mai sheƙi. Maƙwabciyarmu Ya Fanna, Babarbariya mai yawan dariya, ita ce gwanar unguwa. Ta shigo da ƙwaryarta, ta tsaya a kaina tana kallon yatsun.

Ta ce, "Wushe, fero," wato sannu yarinya da Barbarci. "Ashe da yatsu masu kyau haka kike ɓoye mana? Gobe samari za su yi layi a zaure."

Kaka ta yi dariya har da hawaye. Tun da aka haife ni ba a taɓa yi wa ƙafar hagu ƙunshi ba. Kowace Sallah dama ake yi wa, a lulluɓe hagu da zane. Ta ce, "Fanna, fara da wannan. Shekara goma tana kallon 'yar'uwarta tana ado."

Iya ta matso kamar mai neman ludayi. Idonta a ƙasa ta ce, "Gwaggo, kamar an ce a bar su a buɗe."

"Wa ya ce?"

"Likitan."

"Likitan yana da jika? Lalle sanyi gare shi, magani ne, da shi aka raine mu. Ke je ki ga tukunyarki, tun yaushe kika fara sanin yatsun 'yata?"

Ya Fanna ta tuntsire da dariya ta ce yau kunya ta tafi hutu. Iya ta koma bakin murhu. A wancan zamani uwa ta nace a kan 'yar fari a gaban surukarta abin faɗe ne a unguwa. Aka sauko da ƙafar daga kan matashi don kada a ɓata shi, aka bar ta tana reto a bakin gado, aka dambara lalle, aka ɗaure. Ni kuwa daɗi ya cika ni. Haka ƙafar ta yini a rataye, ta kwana a naɗe.

Da safiyar Sallah aka kwance. Yatsun sun fito baƙi ƙirin har farce, suna ƙyalli a bakin farar filasta. Mata suka yi ta shigowa gani. Amma tun asuba nake jin wani bugu a ciki, kamar an ɗaure ganga a ƙafar ana kaɗawa. Da hantsi bugun ya zama matsi. Na rasa yadda zan kwatanta shi sai da maganar da na saba ji. Na ce, "Kaka, akwai mai riƙe da ƙafata a cikin simintin nan. Hannunsa sanyi."

Fuskarta ta sauya. Ta kori yaran da ke ɗakin, ta saki labule, ta zuba garwashi a kasko ta barbaɗa habbatus sauda. Ta zauna a gefena tana karanta Falaƙi da Nasi tana tofawa. A ganinta mai ƙafar ne ya zo biko, tunda an ƙwace masa abinsa har an yi mata ado. Ina kuka tana tofi, hayaƙi ya cika ɗaki. Can wajen azahar sai ciwon ya fara ja da baya, ya ragu, ya ɗauke ɗif. Na ce mata ya daina. Ta ɗaga hannu sama ta ce, "Alhamdulillahi, ya sake ta." Ta kishingiɗa a tabarma, barci ya ɗauke ta don gajiya.

Ban taɓa jin shiru irin na wannan rana ba. Baba ya tafi gaishe-gaishen Sallah, yara sun fita yawo, unguwa ta zama kamar an kwashe mutanenta. Daga nesa algaita tana tashi tana faɗuwa yadda iska ta ga dama. Rana ta shigo ta ƙasan labule ta kwanta a kan yatsuna. Sai na ga wani baƙin cinnaka ya hau filastar, ya gangaro, ya tsaya a kan ƙaramin yatsa. Na san cizon cinnaka, babu yaron Maiduguri da bai san shi ba. Na ga ya kafa baki, ya lanƙwashe jikinsa yana cizo. Ina kallo kamar ana yi wa wata. Na ce wa yatsun su motsa, suka yi mini shiru. Ban ji tsoro ba a lokacin, abin da na ji shi ne kamar an ɗauke ƙafata an ajiye mini ta wani a gurbinta, mai kyau, mai lalle, wadda ba ta san ni ba.

Iya ta shigo ɗaukar kaskon wuta. Ta sunkuya, ta saci kallon Kaka ta ga tana barci, sannan ta ɗora bayan hannunta a kan yatsun kamar bisa kuskure. Hannun bai ɗaga ba. Ta danna farcen babban yatsa ta saki, ta kawo fuskarta kusa, ta sake dannawa. Babu fari babu ja, lalle ya rufe komai. Ta zare allura daga gefen ɗankwalinta ta soka a hankali tana kallon idona. Ban ƙifta ba. A nan ne ta kira sunana. Sunana na yanka, cikakke, wanda ban taɓa ji a bakinta ba, har na waiga ina neman wadda ake kira.

Ta ce, "Kin ji wannan?"

Na ce a'a.

Kaka ta farka ta ce, "Me kike yi mata? Ta samu sauƙi, ƙyale ta."

Iya ta ce, "Gwaggo, taɓa ki ji. Randa ta fi su ɗumi." Ba ta jira amsa ba. Ta juya mini baya ta durƙusa ta ce in hau. Matar da ba ta taɓa goya ni a gaban mutane ba, ba ta kuma taɓa fita da rana ba tare da izinin Baba ba, ta ɗaure ni da zane ta fita zaure babu ko takalmi. Filastar tana dukan cinyarta. Ba mu yi nisa ba na ji an ɗaga ƙafar daga baya. Kaka ce, ta tallabe ta da hannu biyu ta ɗaga sama kamar mai ɗauke da akushi, tana haki tana bin mu. Haka muka ratsa gari, mutane cikin kayan Sallah suna buɗa mana hanya, ba wanda ya tambaya.

A asibiti malamin nan muka tarar, don abokan aikinsa Musulmi suna hutun Sallah. Ya kalli yatsun ya taɓa, ya aika a kira likita, ya ɗauko wani ƙaton almakashi.

Yana yanka yana tambaya, "Wa ya yi ƙunshin nan?"

Kaka ta ce, "Ni na sa."

Ya ce, "Ya yi kyau, Mama. Sai dai ya rufe mana ido."

Filastar ta buɗe da ƙara kamar an fasa ƙwarya. Ƙafar ta kumbura ta cika ta, har zanen auduga ya fito a fata. Likitan ya iso da kayan gida a jikinsa. Suka goge yatsun da sabulu, suka goge da wani ruwa mai wari, lallen Ya Fanna ko gezau. Tunda launi ya ƙi nuna musu komai, sai likitan ya ɗauki allura ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana sokawa yana jira. Babban ya ba da jini baƙi-baƙi, sannan ja. Na kusa da shi ma haka. Kafin ya kai ƙarshe sai na ji kamar an zuba mini garwashi tun daga idon sawu har ƙasa. Na kurma ihu. Kaka ta yunƙura za ta riƙe ni, malamin ya tare ta ya ce, "Bar ta, kukan nan muke nema." Iya tana tsaye a jikin bango tana ta maimaita sunana a hankali, kamar tana biyan na shekarun da suka wuce.

Ƙaramin yatsan ne kawai bai ba da komai ba. Aka ce a jira a gani. Muka yi kwanaki muna kallonsa, ba a san ko yana raye ba, don mai rai da matacce duk launinsu ɗaya a ƙarƙashin lalle. Sannu a hankali sauran suka saɓe, jan farce ya fara tsirowa daga tushe. Shi kuwa ya yi ta motsewa har ya zama kamar busasshen dabino. Ba wanda zai iya cewa ga ranar da ya mutu. Aka sake kifa mini rariyar nan aka cire shi.

Kaka ta ce a ba ta abinta. Malamin ya kawo shi a cikin auduga. Ta buɗe adakarta ta ciro farin yadin da ta daɗe da ajiyewa don likkafaninta, ta yage gefensa, ta wanke yatsan da ruwa, ta naɗe shi da kyau, ta miƙa wa Baba ya kai maƙabarta. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma sake ambaton mai riƙe da ƙafa ba. Daga ranar lalle bai ƙara taɓa jikinta ba, ko Ya Fanna ta yi ta tsokanarta da cewa tsohuwa ta shiga takaba babu miji.

Ƙafar ta warke yadda aka ce, gajera, mai tauri, amma tafin yana taka ƙasa. Da ita na je makaranta har sakandare, da ita na shiga ɗakin aure, da ita na yi ɗawafi. Ina aji na sama lokacin da ciwon ajali ya kama Kaka. Ranar da ta ji jikinta ya yi nauyi ta sa aka kira Baba, ni ina zaune ina yi mata fifita. Ta tambaye shi ko yana gane wurin da ya kai yatsan nan. Ya ce yana ganewa, akwai wata bishiyar aduwa a kusa.

Ta ce, "To can za ka kai ni. Ƙarami ne, ya daɗe shi kaɗai."

Can ɗin ya kai ta. Ni mace ce, ban taɓa zuwa wurin ba, Baba kuma ya rasu, an ce aduwar ma an sare ta tuntuni. Amma idan ina alwala na zo tsettsefe yatsun hagu, hannuna yakan tsaya a gurbin nan. Wani lokaci, musamman in hadari ya haɗo, sai in ji yatsan yana yi mini ƙaiƙayi sosai, a inda babu komai sai iska. Ba na gaya wa yara. Nakan ƙarasa alwalata, in yi salla, in karanta wa Kaka da yatsan Ƙulhuwallahu su biyu.